Ranar da Jadawalinmu Bai Sani Ba

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ƙarfe biyar da kwata, mu huɗu a motar ofis: ni, da mai ɗaukar hoto, da mai kula da sauti, da direba. Kamfaninmu na shirya tallace-tallace ne, kuma aikin da ya fito da mu tallan wani lemon citta ne na daƙiƙa talatin. Masu lemon sun nemi a nuna manomi yana tonon citta a gonarsa. Mun samu wani dattijo a wani ƙauye kusa da Kagoma ya amince. Ni ce mai tsara aikin, kuma ina makon ƙarshe na watanni ukun gwajin da ake yi wa sabon ma'aikaci. Wadda na gada kujerarta an sallame ta ne saboda aiki ɗaya da ya makara.

A ofishinmu ba a kiran ranaku da sunayensu. Akwai allo a bango, a kansa an rubuta kowane aiki da kwanakin da suka rage a miƙa shi: saura biyar, saura huɗu. Oga yana yawan cewa mu iyali ɗaya ne, kuma iyali ba su da ranar rufewa. Mako uku ke nan ban kwana biyu a jere ba tare da shiga ofis ba. Da masu lemon suka jinkirta amincewa da rubutun tallan, sai na matsar da komai da kwana guda, na aika wa dattijon saƙo cewa mun ɗaga zuwa gobe. Ya amsa da “Allah ya kawo ku lafiya.” Na rubuta a jadawali: saura ɗaya, ɗauka a gona.

Hanyar Kachia tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma direba sai ya zaɓi ramin da ya fi ƙanƙanta. Mai sauti ya yi barci tun kafin Kujama. Mai hoto yana gyara hotunan wani aikin daban a kan cinyarsa, yana tsaki duk lokacin da muka faɗa rami. A Kachia muka tsaya shan kunu da ƙosai. Na lura yawancin rumfunan citta a rufe suke, ga mata kuma rukuni-rukuni cikin atamfa iri ɗaya, ga maza da kwat a kan babura. Na ce da alama ana babban biki a garin.

Direba ya dube ni. “Biki kuma, Madam? Yau Lahadi fa.”

Ƙosan da ke hannuna ban ƙarasa shi ba. Daga Kachia zuwa Kagoma ina ta gaya wa kaina cewa awa ɗaya kawai muke bukata, kuma dattijon ya amsa saƙona.

Mun same shi a ƙofar gida da farar riga da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ya yi murna da ganinmu ƙwarai, ya sa aka fito da kujeru. Da na yi maganar gona sai ya yi dariya.

“Gona yau? A'a, 'yata. Ni na ɗauka kun zo gaisuwa ne, ku kwana, gobe mu yi aiki.”

Na yi masa bayanin cewa gobe da sha biyun rana za a nuna wa masu kaya tallan. Mai hoto ya sa baki: “Baba, ba aiki za ka yi ba. Ka riƙe fartanya kawai, ka sara sau biyu, mu ɗauka.”

“To in na sara, ƙasa bai buɗe ba?” in ji shi. “Shekara arba'in ban taɓa fartanya ran Lahadi ba. Ni dattijon ikilisiya ne. Ku sa ni a talabijin kowa ya gani? Ku zauna, ana kawo maku abinci. Mu za mu sujada.”

Ya tafi abinsa. Ƙauyen ya zama babu kowa, sai muryar zumuntar mata daga coci da ƙarar tulun da suke bugawa. Mai sauti ya ba da shawarar direba ya saka tsohuwar riga ya zama manomi. Na yi kusan minti biyar ina auna wannan magana, kuma ba na alfahari da hakan. Gonar ta Baba ce, bai ba mu izinin tona ta yau ba. Na hau wani tudu inda sabis ke kamawa na kira Oga.

“Wa ya tsara Lahadi?” ya tambaya.

“Ni ce, Oga.”

“Ba ki duba kalanda ba?”

“Allo na duba.”

Ya ce zai nemi a matsar da taron, amma in sani cewa sunana ne a kan aikin.

Aka kawo mana faten acca da dafaffiyar doya da manja, da ruwan citta mai yajin da ya sa mai sauti tari. Matar Baba da ta dawo ta nuna min ɗakin da zan yi salla ba tare da na tambaya ba. Mai hoto ya kwanta a benci ƙarƙashin mangwaro ya yi barci awa uku cur. Ni ban iya ba. Ina duba waya, ina ƙirga mutanen da suka karanta saƙon da na tura a zauren hirar ofis na waya ba su ce komai ba.

Da yamma muka wuce Kafanchan muka kama masauki kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ƙarfe shida na safiyar Litinin muna gona. Baba ya riga mu zuwa da tsofaffin kayan aikinsa. Sara uku ya yi, citta ta fito da jar ƙasa a jikinta, ya karya ɗaya ya miƙa min in shaƙa. Cikin minti arba'in muka gama. Muka koma Kafanchan, mai hoto ya haɗa tallan a kan teburin wani gidan abinci, muka aika da ƙarfe biyu saura. Mun makara da kusan awa biyu.

Mun shigo Kaduna bayan la'asar. Abin da na ɗauko daga tafiyar bai wuce wannan ba: na je neman aikin mutane alhali ban san ranar da nake ciki ba, kuma cikin dukan waɗanda suka ga jadawalin a ofis babu wanda ya sani.

Masu lemon sun karɓi tallan. Ni kuma an ƙara min wata guda na gwaji. A ranar Talata na ɗauki alli na rubuta sunayen ranaku a gefen allon ofis, kuma har yau ba wanda ya goge su.