Ranar da Na Tashi Baba Sale daga Barci

Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci na Baba Sale a Karu ya san kwalin taliya. Tsohon masinja ne a ma'aikatar gwamnati, da ya yi ritaya ya tara mu, direbobi da birkiloli da masu gadi, yana koya mana boko bayan la'asar. Ba ya sayen takarda. Kwali yake yankawa, ya zana gidaje a tsaye da a kwance, ya rubuta tambayoyi a gefe, mu cike da haruffa. Tambayoyin nan kuma kullum a kan barci suke. Ya ce tunda barci muke zuwa yi a ajinsa, gara mu iya rubuta shi.

Da ya raba kwalayen sai ya jingina da bango, ya ja hula ta rufe ido. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya cike gidajensa duka shi kaɗai ke da ikon tashinsa. Kowa ya taɓa samun wannan girma, ban da ni. Ni ne kurar baya, hannuna ya saba da cebur, fensir zillewa yake yi.

Kun tuna ranar da ya tambayi abin da ke hana mutum barci, gida biyar? Sauro yake nufi. Ɗanladi direba ya rubuta oga, ya rantse shi dai ogansa ne ke hana shi runtsawa. Baba ya dubi gidaje biyun da suka rage ya ce, "To waɗannan ka cike su da haƙuri."

Wata rana tambayar ita ce ƙarar da mai ita ba ya ji. Muna ta fama, sai ga amsar tana fitowa daga ƙarƙashin hularsa, har kwanon rufi na amsawa. Kowa ya rubuta minshari. Da aka tashe shi ya musa ƙememe, wai taimaka mana ya yi da gangan.

Ni kuwa ko harafi ɗaya bai taɓa faɗa mini ba. Na roƙa, na ce zan daina zuwa. Ya ce in daina mana, amma in tafi da kwalina.

Da ciwo ya kwantar da shi aji ya watse. Na ci gaba da fama da kwalin nan a wurin gini, lokacin cin abinci. Matashi, hamma, mafarki, duk suka zauna. Gyangyaɗi ne ya fi ba ni wuya, shi ma na kayar da shi.

Na je gidansa na tarar yana barci a kan tabarma, ya rame sosai. Inna, matarsa, ta ce in tashe shi, na kasa. Na zauna riƙe da kwali har inuwa ta juya. Da ya farka ya bi gidajen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya harare ni.

"Iliya, ka gama, kuma ka bar ni na tashi da kaina?"

Ya mayar da kai kan matashi, ya ja hula, ya shiga minsharin ƙarya. Na taɓa ƙafarsa na ce, "Baba, na gama."

"Wane mara kunya ne wannan?" in ji shi, yana dariya har da tari.

Bai daɗe ba bayan nan. Wannan da kuke karantawa da hannuna na rubuta shi. Allah ya jiƙan Baba Sale, ya sanyaya makwancinsa, ya tashe shi cikin masu farin ciki.