Ƙofar Da Sadisu Yake Gadi A Dubai

Funtuwa zuwa Kano

Ban jira kiran assalatu ba na fito da jakata. Na bi ta shagona na gyaran keken ɗinki na taɓa kwaɗon, na yi gaba, na dawo na sake taɓawa. Waɗanda suka san ni ba za su yi mamaki ba. Ni mutum ne da kan sake alwala don zuciyata ta ce wataƙila ruwa bai kai gwiwar hannu ba.

Dalilin tafiyar nan Sadisu ne, ɗan yayana marigayi, wanda na riƙa tun yana aji biyu na firamare. Yanzu aiki yake a Dubai, kuma yana neman auren Hauwa'u, 'yar Alhaji Isyaku mai taki. Ni ne wakilinsa. Ranar da muka kai gaisuwa, Alhaji ya riƙo hannuna ya ja ni gefen zaure.

"Malam Sabo, magana ta zo mini cewa aikin yaron nan da shafukan batsa yake. Ban gaskata ba, ban ƙaryata ba. Kai ba a san ka da ƙarya ba. Ka faɗa mini sana'arsa, abin da ka faɗa shi zan riƙe."

Na ce ba na shaidar abin da idona bai gani ba. Da na kira Sadisu a waya, sai ya ce, "To Baffa, zo ka gani." Ya aiko da biza da tikiti. Na karɓa ina istigfari, ko da akwai shubuha a kuɗin.

A tasha direba ya ƙi tashi sai da gari ya waye, saboda halin hanya. Ya dubi rigar sanyin da na ɗora kan kaftani ya ce, "Baba, ina za a da wannan a zafin nan?" Na ce Dubai. Ya ce, "To ai can ma wuta ake yi!" Muka bi ta Malumfashi da Gwarzo, shinge bayan shinge. A kowane shinge nakan zaro fasfo, ba wanda ya tambaye ni. Da hantsi muka shiga Kano.

Cikin jirgi

Bayan azahar jirgi ya ɗaga. Ta taga na ga gajimare a ƙarƙashinmu, tuli-tuli kamar audugar da ake jibgewa a gidan gurza lokacin kaka, sai dai babu mai ita. Na yi ta kallo har na manta tsoro. A Adis Ababa muka sauya jirgi. Na yi sallah a wata kusurwa, na tambayi mutum biyu alƙibla, suka nuna wuri ɗaya, duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Barci ya ɗauke ni a jirgi na biyu. Da na farka, teku ce a ƙasa, sai rairayi, sai kuma gine-gine suka tsiro daga cikin hazo kamar ba su da tushe.

Al Kusais

Sadisu na tsaye a bakin fita. Ya yi ƙiba kaɗan, amma idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa a gaban jama'a ya gaishe ni, ya karɓi jakar. Muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta sama. Na leƙa gaba in ga direba, babu kowa.

"Wa ke tuƙa mu?"

"Na'ura ce, Baffa."

"In ta yi mantuwa fa?"

Ya yi dariya. Ni kam ban saki ƙarfen da na riƙe ba har muka sauka.

Unguwarsu Al Kusais, gidajen haya ne da rumbunan kaya. Ɗaki ɗaya suke da abokin aikinsa Isufu, mutumin Maraɗi, dogo mai yawan barkwanci, yana cuɗa Hausarsa da Faransanci da Larabci. Shi ya dafa mana shinkafa da kaza, ya sauka ya sayo shayin da suke kira karak, mai kauri da ƙamshin kayan yaji, dirhami ɗaya kofi. Ya ce, "Bon, Baffa, ka ci ka ƙoshi. Gobe za ka ga babban ofishi, daga waje." Ban gane abin da yake nufi da waje ba.

Ranar ofis

Da safe na sa kaftanina mai kyau. A tunanina zan sami benci kusa da Sadisu in zauna ina kallon hannunsa, yadda mai kawo keke kan zauna a shagona. Da muka isa, mai tsaron ginin ya ɗaga mini hannu. Sadisu ya sunkuyar da kai.

"Baffa, ba a shiga. Mu ma a nan muke ajiye waya. Fuskokin mutane ne a ciki, amana ce."

"Ka ce in zo in gani!"

"Na san in na faɗa maka a waya ba za ka zo ba."

Na ƙetare ƙasa da teku, aka tsayar da ni a bakin ƙofa. Suka zaunar da ni a shagon shayin wani Ba'indiye da ke fuskantar ginin. Gilashi ne ginin daga sama har ƙasa, ba a ganin ciki, sai sararin sama da ke yawo a jikinsa. Na zauna ina kallon tattabaru suna wucewa ta cikin gilashin, ina tunanin me zan gaya wa Alhaji.

Da azahar suka fito, muka yi sallah, muka dawo shagon. A nan Sadisu ya yi mini bayani. Ya ce wasu ƙasashen Turai da wasu jihohin Amurka sun kafa doka, cewa duk shafin da ke nuna abin da bai kamaci yara ba, dole ya tabbatar da shekarun mai shiga. A da tambaya kawai ake yi, ka kai sha takwas? Yaro ya danna e, ya wuce. Yanzu sai mutum ya nuna fuskarsa ko katin shaidarsa. Na'ura ke dubawa. Wanda ta yi kokwanto a kansa, sai ta turo musu.

"Kana ganin abin da ke cikin shafin?"

"Ko sau ɗaya. A ƙasar nan ma an toshe su. Fuska kawai nake gani, in ce yaro ne ko babba."

Isufu ya ce, "Mu masu gadi ne, Baffa, sanda ce kawai ba a ba mu ba. Da ka ga dabarar yaran nan! Wani ya zana gashin baki da alƙalami. Wani ya ɗauko hoton kakansa ya riƙe a gaban waya, ana ce masa ya ƙifta ido, hoto ya ƙi ƙiftawa. Halas, shi ke nan, koma gida, habibi."

Na tambaya ko dokar ta kashe shafukan. Suka ce ta dai girgiza su. Wasu manyan shafuka sun rufe ƙofarsu a waɗancan wuraren gaba ɗaya, don kada su tambayi kowa. Wasu sun ɗauki irin kamfaninsu. Masu zuwa sun ragu, don babba ma ba ya son nuna fuskarsa a irin wannan ƙofa. Amma akwai masu haura katanga, da wata manhaja da ke sa waya ta zama kamar tana wata ƙasa. Akwai kuma ƙananan shafuka marasa mai gadi, waɗanda suka fi muni.

Na ji sanyi a raina. Na ce ashe yara yake karewa. Na fara haɗa maganar da zan kai wa Alhaji, gajera mai daɗi. Sadisu ya dai juya kofinsa.

Al Karama

Ranar Juma'a bayan masallaci suka kai ni Al Karama sayen tsaraba. Tsofaffin benaye, shanya a kowace taga, kowane yare na duniya a titi ɗaya. Na sayi turare da dabino da allurar keke irin wadda ta yi wuya a gida. Na tsaya a shagon wani tela ɗan Pakistan, kekensa na tsallake zare. Ba ma jin yaren juna. Na nuna masa da hannu, ya matsa, na gyara. Ya ba ni shayi. Awa guda ke nan da ban yi tunanin komai ba.

Hatta

Asabar da sassafe Isufu ya aro mota. "Yalla, mu tafi, Baffa, yau duwatsu za ka gani." Tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce. Gine-gine suka ƙare, rairayi ya koma ja, raƙuma na tsaye nesa kamar an zana su. Daga nan duwatsu suka taso, baƙaƙe, tsirara, babu ko ciyawa, sai gonakin dabino a gindinsu. Aka ce bayan su ƙasar Oman ce.

A tsakiyar duwatsun akwai madatsar ruwa. Ban taɓa ganin ruwa mai wannan launi ba, kore kamar kwalba, a kwance ba motsi. Sadisu ya ce mu shiga kwalekwale, irin wanda ake tuƙawa da ƙafa. Na ƙi, na ƙi, har na yarda, bayan na sa mai wurin ya sake ɗaure mini rigar ruwa. Isufu ya tsaya a gaɓa yana ɗaukar mu hoto.

Da muka yi nisa, hayaniya ta ɗauke. Duwatsu na sama, duwatsu na ƙasa cikin ruwa, mu a tsakani kamar an rataye mu. Na ji kamar na taɓa zuwa wurin a mafarki. Sadisu ya daina tuƙi.

"Baffa, na ga ka ji daɗi ranar nan. Rabi ka ji."

Na juyo na dube shi.

"Yaro nakan kore shi. Babba kuwa buɗe masa nake yi. Doka ta ce ya isa, ni kuma hannuna ne ke dannawa. Wani sa'anka ne, da furfura. Wani ina hango takalmin ɗansa a bayansa. Ba sa ganina, ni ina ganinsu. In na rufe ido su nake gani, suna juya kai dama da hagu yadda na'ura ta umarce su."

"Me ya hana ka bari?"

"Na nemi a mai da ni sashen da ke duba wa bankuna fuskoki, an ce in jira. Kuma in na tashi, wani zai zauna, wataƙila wanda ba ruwansa. Akwai yaran da na'ura ta kusa bari su wuce, ni na tsayar. Amma wanda na kora ma, Baffa, ban san ina ya nufa ba. Ko gida, ko katanga."

Wani tsuntsu ya sauko ya taɓa ruwa, duwatsun ƙasa suka wargaje, suka sake haɗuwa.

"Hauwa'u ta sani?"

"Ni na gaya mata, duka. Ita ta gaya wa mahaifiyarta. Ka gaya wa Alhaji yadda na gaya maka. Kada ka rage."

"In ya hana ka fa?"

"Gara ya hana ni yanzu."

Ban iya ba shi fatawa ba. Karatuna bai kai nan ba. Na dai dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da bakin kwalekwale. Muka daɗe a haka, iska na juya mu a hankali, har Isufu ya fara ƙwala kira cewa shinkafar da ya zo da ita ta huce.

Komawa gida

Ranar Litinin suka raka ni filin jirgi. Tun daga Dubai har Adis Ababa magana biyu ke kokawa a ƙirjina. Gajerar ba ƙarya ba ce: yara yake hanawa. In na tsaya nan, an ɗaura aure. Doguwar kuwa tana iya raba yaron da na rena da wadda yake so. A Kano na kwana gidan wani aminina. A mota, har muka wuce Gwarzo, gajerar ce ke gaba.

Ban sauke jaka da kyau ba na tafi gidan Alhaji Isyaku bayan la'asar, don na san in na kwana zan sami hujja. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa.

"Malam Sabo, ka gani?"

"Ban gani ba, Alhaji. Ba a bar ni na shiga ba. Abin da na ji daga bakinsa zan faɗa."

Na faɗa. Mai gadi ne a ƙofar gidan banza, bai taɓa leƙa ciki ba. Yana korar yara. Na ce yana kuma buɗe wa manya, da hannunsa, kuma shi ya ce kada in rage wannan.

Alhaji ya gyara zama a kan tabarma. Ina jin kukan akuya a cikin gida.

"Shi ya ce ka faɗa mini haka?"

"Shi."

"Da 'yarka ce, za ka ba shi?"

"Zan ba shi."

Bakina ya riga zuciyata. Na jira ta ta yi gardama kamar yadda ta saba, ba ta yi ba. Na ce, "Amma aikin, Alhaji, har yanzu ban san hukuncinsa ba."

"Ni ma haka. Wannan ni da shi za mu zauna, ido da ido, ba a waya ba. Ku turo manyanku bayan Sallah."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Isufu da girkinsa da motar aro, da Ba'indiyen da ya bar ni na yini a shagonsa kan kofi biyu, da Alhaji da ya saurare ni har ƙarshe. Sadisu, Allah Ya sauya maka da abin da babu kokwanto a cikinsa. Yaran nan kuma da kake mayarwa daga bakin ƙofa, waɗanda ban san sunan ko ɗaya ba, na sa su a addu'ar asuba. Allah Ya sa gida suke komawa.