Rufin Motar Tsani

Duk layin babu wanda ya taɓa ganin Tsani ya zauna har shayinsa ya huce. Tsawo ne ya ja masa sunan, don in zai shiga ɗaki sai ya rusuna kamar mai neman gafara. Sana'arsa faiba, wannan farin zaren gilashin da ake shimfiɗawa a shafe da gam, ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi. Da ita yake liƙe tankin ruwa in ya tsage, da bambar mota in an daka ta. Aiki ne mai sa ƙaiƙayi, kullum yana susa, in ba wuya ba to hammata. Masu gulma dai sun ce ƙaiƙayin Tsani daga ciki yake, faiba sharri ake mata.

Wata rana ya je aski, ya ɗaga ido ya ga tsohuwar kalanda a bango. Wata jar motar tsere ce irin ta zamanin da, hanci dogo, ƙugu mai faɗi, rufi a ƙasa kamar ƙadangare ya lafe a katanga. Da rabin aski ya tashi ya roƙi hoton. Kafin gashin ya toho ya sayo gawar wata ƙaramar mota, ya fige ta tas, ya bar inji da tayoyi da ƙarfen ƙasa, ya shiga gina mata sabon jiki da soso da waya da faiba. Ya kuma rantse a gaban mutane cewa ranar da za ta fito titi, shi zai fito da ita da hannunsa.

Yaran da ke rarrafe lokacin har sun fara zuwa makaranta, mota tana cikin shago. Yau ya ƙara mata ƙugu, gobe ya ce ta yi kama da mai jego, ya bi da sanfefa ya rage. Hancin ma ya sha yanka. Amma rufin ne ya fi cin wuya. Sai ya kafe hoton a bango, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce har yanzu tasa tana ɗaga kai. Ya yanke, ya sauke, ya liƙe.

Tun farko ya cire kujerar direba don kada gam ya ɗiga mata, ya kai ta gida. Matarsa ta ga banza ta faɗi, ta mayar da ita wurin zamanta a falo. Shi kuwa duk sanda ya sauke rufi sai ya shige ya zauna a dandaryar ƙarfe, ya shafa sama da kansa.

“Ka gani? Har da sauran wuri,” yake ce wa maƙwabcinsa mai walda, wani gajere kamar tukunyar gas.

Ana haka mai shago ya zo ya ce ya sayar da wurin. Ƙarshen wata zai sa kwaɗo, abin da ya kwana ciki kuma ba ruwansa.

“Kira 'yan gwangwan su ɗauka mana,” in ji mai walda. “Au, na manta, ko maganaɗisu bai san da zamanta ba.”

Tsani ya duƙufa. Ya bar abinci, ya bar tankunan mutane, ya yi fenti ja wur, ya sa fitilu, inji ya tashi da tari. Safiyar ranar kwaɗo ya je gida ɗaukar kujera.

“Baban yara, a kan me zan zauna?” in ji matar.

“A cikin motar za ki zauna, mutane na kallonki.”

“Ni dai in ga ta motsa tukun.”

Ta biyo shi don ta ga ƙwal uwar daka. Ya ɗaure kujera da noti, ya naɗe ƙafafunsa ya cusa, ya tura jiki. Kai ya ƙi shiga. Ya lanƙwasa wuya har kunnensa ya kwanta a kafaɗa, idonsa ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon cinyarsa. Mai walda ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

“Mutumina, wa ka auna da za ka ɗinka ta? Ni dai ka ɗinka wa. Kawo makulli, na yafe maka ladan tuƙi.”

“Ka taɓa sitiyarin nan, sai na liƙe ka a bango.”

Ya sake kwance kujera, ya aika aka kawo matashin kai, ya zauna a kai. Yana taka kuloci ya sulale baya kamar buhu. Ya fito, ya zagaya motar, ya sake zagayawa, yana susar wuya. Rana tana ɗagawa. Ko dai ya miƙa wa gajeren nan makulli a gaban duk layi, ko ya sa zarto a rufin da ya yi shekaru yana lallashi.

Ya ɗauki zarto. Ya yanke rami daidai kan direba, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Saura abin da zai rufe ramin da tudu, yadda kai zai sami masauki. Ya waiwaya ya ce wa matar ta kawo masa kwanonta na silba, mai furanni.

“Kwanona? Na baƙi?”

“Aro ne. Siffarsa kawai zan ɗauka, in ba ki abinki.”

Ta kawo tana ƙunƙuni. Ya kife shi a kan ramin, ya shiga jera faiba daga ciki, yana zagaye leɓen kwanon daga waje. Ƙa'idar aikin, sai an shafe kwano da mai don kada gam ya kama shi, maganin da ke sa gam kamewa kuma ɗigo ake yi. Man ya manta. Maganin kuma tuttula shi ya yi, don ya hango mai shago tafe yana kaɗa kwaɗo a yatsa. Gwangwanin gam ya yi zafi har yana hayaƙi. Kafin ka ce kwabo abu ya kame. Ya ja kwano, kwano ya ce ina. Ya sa sukudireba, fenti ya fara tsagewa, ya janye hannu da sauri.

“Malam, ni fa ina da wurin zuwa,” in ji mai shago.

Tsani ya mayar da kujera, ya naɗe, ya shige. Kansa ya faɗa cikin kwanon cif, kamar an gwada. Ya murɗa makulli. Jar mota ta fito titi tana gurnani, ƙasa-ƙasa, da furanni a ka. Mai walda ya bi ta yana ihu: “A buɗe murfi mu ga me aka dafa!” Tsani ya ji shi sarai, amma haƙoransa duk a waje suke, ya danna hon ya ƙara wuta.

Bai kai ƙarshen layi ba ya taka birki. Ya fito, ya ja da baya, ya daɗe yana kallon rufin. Sannan ya ɗaga murya.

“Maman yara! Motar ta karkace gefe ɗaya. Kwanon nan ba biyu ba ne?”

Matar ta gane nufinsa. Ta tattare zani ta nufi gida da sassarfa, don ta riga shi isa kicin.