Abah Endin, Mai Gyaran Bindigar Iska

Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, Abah Endin ya dawo daga masallaci, ya ɗage ƙyauren rumfarsa, ya zauna da baƙin kofi da soyayyen rogo. Sai ya jawo bindigar iska ɗaya cikin waɗanda manoma suka jingine masa. Yakan fara buga mata iska, ya kara ta a kunne, ya yi tsit kamar mai sauraron ƙirjin jariri. In roba ta mutu, zai ji. In kunama ta yi tauri, ɗan yatsansa zai gaya masa. Daga nan sai magagari da ɗigon mai, har sai harsashin dalma ya bi ɗan'uwansa rami guda a allon da ke bayan rumfa.

Haka muka taso muka same shi a ƙauyenmu Cikadu, nan tsaunukan tsibirin Jawa. Kurege na ɓarnar kwakwa, ɓera na cin shinkafa tun tana tsaye, kuma manomi ba shi da abin kare gonarsa sai wannan 'yar bindiga. Amma duk wanda ya zo da zancen harbin tsuntsayen daji masu daɗin kuka, Abah zai miƙa masa bindigarsa ya ce ya gaida gida.

Maƙwabcinsa Mang Odang shi ne abokin tsiyarsa.

"Abah, bindigar nan hagu take ja."

"Kawo in gani. Amma in na gyara ka sake kuskuren kurege, kai zan kwantar a benci in goge da magagari."

A gidan Mang Odang ɗin nan abin ya faru, bara da damina. Damisa ta gangaro daga dutse, ta bi kaji, ta shige ƙarƙashin gidan katakon da ke kan dirkoki ta lafe. Matar ɗan Odang na sama da jaririnta, ba damar saukowa. Kafin ka ce me, maza sun kewaye gidan da adduna da gorori, wasu na cewa a hura hayaƙi.

Neng Wulan, likitar namun daji da aka kira, ta iso da bindigar allurar barci. Tana bugawa ta ji iska na zurarewa. Da gudu ta nufi rumfar Abah, inda ta saba kai gyara.

"Abah, ka taimaka. In allurar nan ta faɗi ƙasa, damisar za ta yo kan mutane, su kuma sassara ta za su yi."

Abah ya karɓi bindigar. Ya ce bismillah, ya kwance ta, ya yanko roba daga wata tsohuwar bindigarsa, ya daidaita. Odang na tsaye a kansa yana kuka.

"Jikana, Abah! Yi sauri mana!"

"Sauri ya haifi nawa. Riƙe min wannan."

Sai da ya gwada ta a kututturen ayaba, ya ga ta ɗan yi ƙasa, ya murɗa saiti, ya sake gwadawa, sannan ya miƙa wa Neng Wulan. Ya biyo ta har bakin gidan, ya tsaya gaban masu adduna ya ce, "Ku ja baya, jama'a. Yunwa ce ta kawo ta."

Allura ta samu damisa a cinya. Ta yi gurnani, ta yi layi, ta kwanta. Aka sauko da uwa da ɗa lafiya, aka ɗauki damisa a keji, daga baya aka mayar da ita dajinta. Da aka waiwaya neman Abah, tuni ya koma rumfa yana share benci.

Abah, kai ne ka tsare mana kwakwa da shinkafa ba tare da ka taɓa shuka ko ɗaya ba. Kai ne ka koya wa 'ya'yanmu cewa ba a nuna wa mutum bakin bindiga, ko da wasa, ko da babu komai a ciki. Ɗan ƙabilar Sunda mai sanyin hannu, da kai ake gyara, ba a ɓarna.

A watan nan ya ajiye aiki, ido ya gaji. 'Yarsa Imas, wadda ta koya a gabansa, ita ce a kan benci yanzu, kuma manoma sun ce hannun bai canza ba. Shi kuwa yana gefe a kujerar gora, yana yi mata gardama.

Mun gode, Abah. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ga jikokin Imas. Mu kuma da ke da sana'a a hannu, kowa ya dubi abin da ke kan bencinsa yau. Ba ka san ranar da ran wani zai rataya a kansa ba.