Angon da Bai Ƙetare Iyaka Ba

Dutsin-Ma zuwa Kurfi

Na bar gida ran Alhamis bayan sallar asuba, shekara biyu da samun mulkin kai. Zulai, wadda zan aura, 'yar Madarumfa ce a ƙasar Nijar. Biki ya kawo ta Dutsin-Ma, na gan ta sau uku, tun lokacin barcina ya ragu. An taɓa sa rana na ɗaga saboda aikin makaranta, sai mahaifinta ya aiko cewa Juma'ar nan ce, in ba mu zo ba kada mu sake zuwa.

Na biya sule biyu a wata akori-kura mai ɗauke da gero. Kan buhu na zauna, ina ta tsara yadda zan shiga garinsu kamar samarin littattafan da nake saye a kasuwa, ita tana leƙe ta bayan zana. Da hantsi muka isa Kurfi. Baffa Sada, ƙanen mahaifina kuma wakilina, yana jira da huhun goro. Falken shanu ne, bai san wani abu wai shi bege ba.

"Malam Lawal, duk wanga turare, aure za ka ko tallarsa?" in ji shi.

Katsina da Jibiya

Mun ci tuwo a tashar Katsina, muka samu motar Jibiya bayan azahar. Mun kwana a zauren wani dillali abokin Baffa. Su suna hirar farashin bijimai, ni ina kallon azara.

Bakin iyaka

Juma'a da safe muka isa shingen Nijar, aka sauke mu muka yi layi. Baffa na gabana. Jandarma, ɗan sandan da ke tsaron shingen, ya ce, "Mi ya kawo ka?" Ya ce, "Kasuwa." Aka ɗaga masa hannu. Da aka zo kaina sai na gyara hula na ce, "Aure, ranka ya daɗe. Wadda zuciyata ke so na zo ɗauka."

Layin duk ya kwashe da dariya, ban da jandarman. Ya yi mini bayani a natse, cewa hanyar shiga uku ce. Ɗan kasuwa ya shiga ya fito. Mai ziyara ko gaisuwar mutuwa ya faɗi gidan da zai sauka. Amma baƙon da zai auri 'yar ƙasa sai da takardar izini daga Maraɗi, ita kuwa ba ta fita ƙasa da mako biyu.

"To, kasuwar ma zan leƙa," na ce.

"Malam, kunnena ya riga ya ji." Ya dubi Baffa da goronsa. "Kai, tare kuke?"

"Wa? Ni a mota na gan shi," in ji Baffa. Ya sunkuya kamar yana gyara ɗaurin huhu, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Koma gindin tsamiyar can. Ango ba ya cikin sharuɗɗan ɗaurin aure, wakili ake nema. Sai dai in tsohon, uban yarinyar, ya ce ka raina shi."

Motar ta tafi da shi. Na zauna a gindin tsamiyar ni kaɗai, cikin rigar da na yi wata guda ina jiran ɗinkinta. Wata Bafillatana ta dama mini fura ta kwabo uku, ta ce, "Ɗan'uwa, mutuwa aka yi maka?" Na ce a'a, aure. Ta dube ni, ta ƙara mini nono ba ta karɓi ko anini ba.

Da rana ta karkata, daidai lokacin da na ƙiyasta an sauko daga masallaci, na juya arewa na ɗaga hannuwa na shafa fatiha. Ban sani ba ko aurena nake shafa wa ko rabuwa. Tumaki ne kawai shaiduna. Na koma zauren dillali na kwana, ban iya cin komai ba.

Asabar da hantsi na hango Baffa yana saukowa daga mota, ba huhu a kansa. Na jira shi inda nake har ya ƙaraso.

"Tsohon ya yi faɗa har rawaninsa ya kwance," in ji shi. "Da na faɗa mashi abin da ka gaya wa jandarma, sai ya ce wanda ya kasa yi wa baƙo ƙarya ba zai yi wa ɗiyarsa ba. An ɗaura. Bayan kaka za su kawo ta."

Komawa gida

Na rabu da Baffa a Kurfi, na iso Dutsin-Ma Lahadi da la'asar. Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika tsakar gida suna tambaya ko taron ya yi kyau. Na ce haka na ji labari.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, sannan ga Baffa Sada da baiwar Allah mai fura. Yanzu ina da mata a wata ƙasa. Kullum da yamma nakan fita bayan gari in duba ko gero ya fara nuna.