Angar Jirgin Baba

Mahaifina ɗan ruwa ne, a fadamun Haɗeja ya taso, amma neman abinci ya kawo shi Challawa, ya ƙarar da ƙarfinsa a kamfanin fata. Da ya yi ritaya, tsararrakinsa suna sayen tumaki, shi kuwa ya sayo tsohon kwale-kwale ya ɗaure a bakin kogi, can sama da inda ruwan kamfanoni ke shiga. Ran da ya fara shiga, da waƙa ya dawo gida. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba yana waƙa ba.

Inna ce ta ƙi. Da damina ruwan Challawa ba ya wasa, hannun Baba kuma ya fara rawa. Ta ce in ya miƙe zai jefa birgin kamun kifi, wa zai riƙe masa jirgin? Ta kafe: ko a samo abin da zai tsayar da shi wuri guda, ko a sayar. Baba bai yi musu ba. Ya koma zaman ƙofar gida, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Abin ya dame ni ƙwarai.

Sai maigidana ya ce a bar masa. Mai walda ne a Sharada, mutumin kirki, amma ruwan da ya sani bai wuce na buta ba. Ya ce zai ƙera anga, ƙarfen nan mai ƙugiyoyi da ake jefawa ya kama ƙasan ruwa. A wurin mutanen kamfani kuwa, abu in ba nauyi ba shi da ƙwari. A kura aka turo ta, ƙarti biyu suka sauke suna nishi.

Ya yi mata mazauni a goshin jirgin, har da jan fenti. Sai ya tuna da 'yan gwangwan, waɗanda ko murfin kwalbati ba sa bari ya kwana. Ya kawo noti ya ɗaure ta tamau. Goshin jirgi ya sunkuya kamar mai gaida surukai. Baba ya zagaya, ya shafa, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Maigidana yana tsugune, takalmi a gefe, sai murmushi yake. Inna ta duba ta ce to, yanzu ya je.

Wata rana na kai masa fura bakin kogi. Na hango shi can ƙarshen jirgi a takure, don ya daidaita nauyin. Da ya isa inda yake so, sai ya jawo wani buhu mai dutse a ciki, ɗaure da igiya, ya zura a ruwa. Jirgi ya tsaya cak. Anga tana zaune abinta, ko ƙwarzane babu a fentin.

Da ya fito na ce, "Baba, angar fa?"

Ya ce, "Kul! Kwance ta sai da sufana, ɗaga ta sai ƙato. Yaron nan hutunsa ya ba ni a kanta. In na faɗa masa, da wane ido zai kalle ni? Innarki kuwa in ta ji, jirgi ya tafi."

Na kamo hanya zuciyata biyu. In na faɗa, na raba shi da ruwa; in na yi shiru buhu ya yage da shi a tsakiyar kogi, ina zan sa kaina? Tsoro ya fi ƙarfina, na shiga gida da niyyar faɗa.

Na tarar da Inna a tsakar gida da basilla, tana ɗinke sabon buhu ruɓi biyu, ga ƙaton dutse a gefenta.

Ta ce, "Rufe bakin, kada ƙuda ya shiga. Kin zaci ban san abin da Malam zai iya ɗagawa ba?"

Na ce, "To Inna, me ya sa kuka yarda?"

Ta ja zare ta ce, "Na gan shi a ƙofar gida. Mutuwar da nake tsorar masa a ruwa, nan ta fara samunsa. Riƙe min bakin buhun."