Kunnen Icce Iri Biyu

A gidanmu na Matankari, in an gama cin tuwo, kakarmu Inna Hajo, mahaifiyar babana, takan tura karan hatsi a wuta mu kewaye ta. Wata rana ta kwance bakin zanenta ta fito da abu biyu, irin abin nan mai tauri da ke tsirowa jikin ruɓaɓɓen itace, wanda muke ce wa kunnen icce. Ɗaya ja ne, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ɗayan launin ƙasa gare shi, cikinsa fari, in ka karce shi da farce sai wurin ya yi baƙi.

"Wa da ƙane ne," in ji ta. "Da can mutane ne."

Wai wata tsohuwa ce mai 'ya'ya biyu. Shekarar yunwa, ƙanen, mai son ado, ya kwashe mata rumbu ya gudu. Wan ya zauna yana dama mata kunu, amma kowace safiya sai ya leƙa ɗakinta ya ga ko tana numfashi, don gonarta yake jira. Da ta mutu, doguwa, aljanar da ke zaune cikin itacen gawon gonar, ta kama su ta manna su a kututture, su ci ruɓa har abada.

Na ce, "Inna, to wan mi ya yi? Ai shi ya ciyar da ita."

Ba ni ta duba ba. Babana na zaune kusa da mu yana tufka igiya. Ta ɗaga murya: "Wanda ya ɗauka ya tahi, sau guda ya kashe ta. Wanga ko, kullum da sahe." Ta jefa mai launin ƙasar, wato wan, cikin wuta. Babana ya ajiye igiyar ya fita. Mu yara muka yi ta dariyar yadda abin ke hayaƙi.

Sai da na girma na ji cewa ƙanen babana ya taɓa sayar da shanun Inna ya tafi birni, bai sake waiwayarta ba. Babana ne ya riƙe ta har ƙarshe, shi ke ɗaga ta, shi ke kwantar da ita. Na daɗe ina tambayar kaina ko wani abu ta gani a idonsa, ko kuwa shi kaɗai ne ke kusa da za ta iya sauke wa haushinta. Yanzu na fi karkata ga na biyun.

Ranar da za ta cika, kanta na bisa cinyar babana, sunan ƙanensa take ta kira. Shi ya riƙa amsa mata, "Na'am, Inna, ga ni."